Kafin yaro ya ji labarin biri a waya, a nuna masa tekun Sakkwato

A tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato irin su Ƙofar Rini, gidaje da yawa suna da simintin Kalambaina a jikinsu, ko a bango, ko a daɓe, ko a bakin rijiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dutsen da ake niƙawa a yi wannan siminti asalinsa ƙasan teku ne. Ɓawon halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a kan juna, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, har suka daskare suka zama dutse. Yaron da ke jingine da bangon gidansu yana latsa wayar babansa, a jikin tsohuwar teku yake jingine.

Wannan labari ne da ya kamata kowane ɗan Sakkwato ya ji tun kafin ya shiga aji uku. Amma abin da yara suka fi sani game da zamanin da can shi ne abin da waya ta nuna musu: katun na dainaso da Turanci, da hoton nan na biri yana miƙewa sannu a hankali har ya zama mutum. Tambayar da ke biyo baya kuwa a tsakar gida ake yin ta, lokacin da ake cin tuwo.

"Baba, wai gaskiya ta, mutum daga biri ya hito?"

A gidaje da dama amsar ba ta wuce tsawa ba: "Kul na ƙara jin wannan magana a bakinka." A wasu gidajen kuma a ce ya tambayi malaminsu, shi ke nan an sallame shi. Duka biyun guje wa aiki ne. Yaron da aka yi wa tsawa bai daina tambayar ba, uban kawai ya daina yi wa. Zai kai ta wani wuri, kuma ba a san hannun da za ta faɗa ba.

Ra'ayin da ake karewa a nan shi ne, iyaye su karɓi wannan darasi a hannunsu, su fara shi da wuri, da Hausa, kuma su fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafar yaron. Maganar biri tana da lokacinta, amma ba ita ce ƙofar shiga ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasar Sakkwato

Masana duwatsu suna kiran shimfiɗun ƙasar wannan yanki da sunayen garuruwan da kowa ya sani: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Duk ɗalibin ilimin duwatsu a Najeriya sai ya haddace su, ko da bai taɓa taka Sakkwato ba. Dalili kuwa, a wani dogon zamani ruwan teku ya riƙa ratsa inda hamadar Sahara take yanzu, yana shigowa yana janyewa, kuma wannan yanki yana cikin inda ya malale. Kowace shigowa ta bar shimfiɗarta, kamar yadda ambaliyar gulbi ke barin laka a fadama.

A shimfiɗar Dukamaje, mai shekaru kimanin miliyan 70, an tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai tsawon mita biyar ko fiye, mai baki cike da haƙora. Wani masani ɗan Birtaniya, William Swinton, ya fara bayaninta a 1930. A 1972 wasu masana 'yan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo na Najeriya. A 1975 aka sa wa wani tsohon kada da aka samu a yankin suna Sokotosuchus, kadan Sakkwato. Sunayen nan suna cikin littattafan kimiyya na duniya. Ɗalibi a Turai na iya sanin Goronyo saboda wannan dabba, alhali ɗan Goronyo dam kawai da albasa ya sani.

Ga wani ɗan gyara da yara ke jin daɗinsa. Ana yawan fassara dainaso da "kakan ƙadangaru", amma a wurin masana, tsuntsaye ne jikokin dainaso. Zakaran da ke tashin gida da asuba ya fi ƙadangaren bango kusanci da su. Ita kuwa dabbar Goronyo ba dainaso ba ce, tana cikin dangin guza da damo da macizai, sai dai ita a teku ta rayu. Yaro ɗan shekara shida da aka gaya wa haka ba zai ƙara kallon ƙafar kaza yadda ya saba ba.

Ainihin dainaso kuma ba nisa suke ba. A Gadoufaoua da ke hamadar Nijar an tono Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet na Faransa ya bayyana a 1976, da Nigersaurus mai baki kamar shebur da ɗaruruwan haƙora, wanda tawagar Paul Sereno ta Amurka ta raɗa wa suna a 1999, da Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya kusa na babbar mota. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai rumfar da aka keɓe wa irin waɗannan ƙasusuwa, kuma yaran makaranta suna zuwa kallo.

Babu ko ɗaya cikin wannan da ya taɓa aƙidar kowa. Tun ƙarni na 11 malaman Musulunci suka yi wannan tunani. Al-Biruni ya dubi ɓawon halittun ruwa da ake samu cikin duwatsun hamadar Larabawa ya ce wurin ya taɓa zama teku. Ibn Sina ya yi rubutu a kan yadda duwatsu ke samuwa da yadda halittu ke daskarewa a cikinsu. Alƙur'ani kansa a wurare da dama ya yi kira da a dubi ƙasa da dabbobi a yi tunani. Uban da ya ɗauko dutse mai tambarin katantanwa ya nuna wa ɗansa, a kan turbar magabata yake.

Igiya, lemon tsami da damin gero

Babbar wahalar wannan darasi ita ce girman lambobin. Miliyan 70 ba ta da ma'ana a kan yaron da bai gama ƙirga ɗari ba, kuma a gaskiya ko babba ma jin ta kawai yake yi. Igiya tana magance wannan.

A samu igiya mai tsawon mita 45, a shimfiɗa ta a lungu. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da kusan biliyan 4.5, don haka kowace mita ɗaya ta tsaya a madadin shekaru miliyan 100. A sa yaro ya taka daga farko. Zai yi ta tafiya, mafi yawan igiyar babu kifi, babu itace, babu komai sai ƙananan halittun da ido ba ya gani. Sai ya zo kusan ƙarshe, saura santimita 70, ƙasa da taki ɗaya na babba, sannan a ce masa nan ne tekun Dukamaje. Mafi tsufan ƙasusuwan mutane irin na yau da aka samu, a Jebel Irhoud ta ƙasar Maroko, shekarunsu kimanin 300,000 ne: milimita uku a bakin igiyar, kaurin ƙwayar dawa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da ke jihar Yobe yanzu, ya kai shekara kusan 8,000, amma a jikin igiyar bai wuce kaurin gashi ɗaya ba. Ganuwar da Muhammadu Bello ya fara kewaye Sakkwato da ita a 1809, wadda Ƙofar Rini ke cikin ƙofofinta, ba ta ma ganuwa a kan igiyar.

Yaron da ya taka wannan igiya ya koyi lissafi, ya koyi tarihi, ya kuma ji ƙanƙantar kansa, wanda ba ƙaramin darasin tauhidi ba ne.

Dutsen Kalambaina ma yana da nasa wasan. A kankare ɗan garinsa a ɗiga masa ruwan lemon tsami, za a ga yana ƙananan kumfa, domin sinadarinsa ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da na katantanwa. A gwada da tsakuwar hanya a ga bambanci. Ba sai an kai yaro ramin haƙar dutse ba, wurin manyan motoci ne da haɗari. Guntu ɗaya a aljihun wani mai zuwa daga can ya wadatar.

Sai batun sauyawar halittu, wanda ake kira juyin halitta. Kalmar tana firgita mutane, amma manomi da makiyayi sun daɗe suna aiki da tushenta. Duk manomin gero ya san shibra, geron nan mai zubar da tsabarsa tun kafin girbi, wanda ke fitowa daga cakuɗuwar geron gona da na daji. Geron da ake ci yau daga na daji ya samo asali. Mutanen Sahel ne suka riƙa ware zangarniyar da ta fi kyau suna ajiye iri, shekara bayan shekara, kuma shaidar noman gero da aka tono a arewacin Mali ta kai aƙalla shekara 4,500. Jar akuyar Sakkwato da duniya ta san fatarta, da shanun gudali, da tumakin uda da balami, duk zaɓen makiyaya ne ya fitar da siffofinsu.

Abin da Charles Darwin ya ƙara a littafinsa na 1859 shi ne cewa yanayi ma yana yin irin wannan zaɓe ba tare da hannun mutum ba. Wanda ya dace da wurin ya rayu ya haihu, wanda bai dace ba ya ragu. Misalin wannan yana cikin akwatin maganin kowane gida. Iyayen da suka girma a shekarun 1980 da 1990 sun sha kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar da ke jure masa ita ce ta tsira ta yaɗu, har Najeriya ta sauya maganin farko zuwa haɗin da ake kira ACT a 2005. Haka sauro ke yi da maganin feshi, haka ƙwayoyin cuta ke yi idan aka sha rabin maganin da likita ya rubuta aka ajiye saura. Sikila ma da wannan labari take tafe: mai jinin AS ya fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa wannan jini ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da shi. Yarinyar da ta fahimci wannan tana ƙarama ba za ta ɗauki gwajin jini kafin aure a matsayin fitinar likitoci ba.

Inda maganar ke da nauyi

Duk wannan bai amsa tambayar da yaron ya yi a kan tuwo ba, kuma rashin gaskiya ne a yi kamar ya amsa. A kan asalin ɗan Adam akwai saɓani na gaske. Musulmi ya yi imani Allah ya halicci Annabi Adamu, kuma mafi yawan malamai sun fahimci cewa halitta ce kai tsaye, ba uwa ba uba. Masana kimiyyar halittu kuma suna cewa mutum da manyan birai sun haɗa tushe ɗaya shekaru miliyoyi da suka wuce, suna kafa hujja da ƙasusuwa da ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikin ƙasusuwan da suka fi ambato ma a maƙwabta aka same shi: ƙoƙon kan da ake kira Toumaï, wanda wani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinta a hamadar Djurab a 2001, aka ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan bakwai.

Abu biyu ne bai kamata uba ya yi a nan ba. Kada ya ƙaga wa masana abin da ba su faɗa ba, kada kuma ya yi wa addininsa kwaskwarima don ya yi daidai da littafin boko. Masana ba su ce birin da ke cikin keji zai wayi gari mutum ba, ba su kuma ce daga birin yau mutum ya fito ba. Hoton nan na waya ya ɓata maganar tasu. Idan uba ya gaya wa ɗansa cewa Turawa sun ce kakansa gwaggon biri ne, ranar da yaron ya karanta ainihin abin da suka ce zai gane an yi masa ƙarya, kuma abin tsoron shi ne ya fara zargin sauran abubuwan da aka gaya masa a gida.

Amsar da ta fi tsaro ita ce mai faɗin gaskiya ta kowane ɓangare: "Mu mun yi imani Allah ne ya halicci komai, kuma ya halicci Annabi Adamu. Masu binciken ƙasusuwa sun samo wasu halittu na da masu kama da mutane, suna da bayanin da suke yi a kansu. Za ka karanta shi a makaranta, kuma idan ka girma za mu zauna da kai da malam mu duba." Ga ɗan shekara bakwai wannan ya isa. Ya ji matsayin gidansu, ya ji cewa akwai wata magana, ya kuma ga babansa bai razana ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi zama a zuciyar yaro.

Malaman Musulunci na wannan zamani ba su rufe ƙofar nazari ba. Akwai waɗanda suka ƙi ka'idar gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka karɓi sauyawar dabbobi da tsirrai amma suka keɓe Annabi Adamu a matsayin mu'ujiza. Shoaib Ahmed Malik ya wallafa littafi a 2021 yana auna waɗannan matsayai da ma'aunin aƙidar Imam al-Ghazali. Ba aikin uba ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu a tsakar gida. Amma sanin cewa masu ilimi da imani suna tattauna batun cikin natsuwa yana cire masa fargabar cewa tambayar ɗansa alamar fita addini ce.

Wanda ke ganin shiru ya fi alheri ya tuna abu biyu. Na ɗaya, ka'idojin Lamarck da Darwin suna cikin manhajar nazarin halittu ta babbar sakandare, ana tambayarsu a WAEC da NECO da JAMB. Duk yaron da ake burin ya zama likita sai ya ratsa ta nan. Tambayar kawai ita ce ko zai isa wurin da shiri, ko zai ci karo da su yana ɗan shekara 16 a matsayin sirrin da aka ɓoye masa. Na biyu ya fi ɗaci. A hirar da Mohammed Yusuf ya yi da BBC a 2009, cikin abubuwan da ya lissafa a matsayin dalilin ƙin boko akwai ka'idar Darwin, da cewa duniya ƙwallo ce, da cewa ruwan sama daga tururi yake. Ya haɗa abin da ke da saɓani da abin da malaman Musulunci suka tabbatar tun ƙarnoni, ya yi musu kuɗin goro, kuma ya samu masu saurare cikin matasan da babu wanda ya taɓa zaunar da su ya rarrabe musu. Arewa ta san kuɗin da ta biya.

Za a ce wannan hirar masu ƙoshi ce. A jihar da yara da yawa ba sa zuwa makaranta, a lokacin da mutanen gabashin jihar ke fama da 'yan bindiga, wa ke da lokacin dainaso? Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma babu mai cewa dutsen Dukamaje zai cika tukunya. Sai dai darasin ba ya cin kuɗi, igiya ce da lemon tsami da rabin awa bayan magariba, lokacin da a da ake yin tatsuniya. Kuma rashinsa yana da tsada. Gumakan yumɓu na da da ake tonowa a yankunan Nok da Katsina da Sakkwato suna cikin jerin kayan tarihin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta yi gargaɗin ana sace su ana fitarwa. Mutumin da ya tono irin wannan a gonarsa ya sayar a kan kuɗin buhun masara, sau da yawa bai taɓa jin cewa abin yana da wata daraja ba bayan ta dillali. Najeriya ta yi shekaru kusan goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Waɗanda suka tashi a wannan giɓi su ne iyayen ƙananan yara a yau.

Akwai kuma darasin yanayi. Tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara koriya ce, da tafkuna da dorina da kada. A Gobero ta Nijar, inda yanzu babu komai sai rairayi, an tono maƙabartar mutanen da suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi. A Dabous, arewa da Agadez, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita biyar. Yaron da ke jin ana maganar kwararowar hamada a rediyo zai fi fahimtar ta idan ya san ƙasar nan ta taɓa sauya kama, kuma mutane sun tashi sun bi ruwa.

Yawancin wannan aiki a hannun uwaye zai faɗa, domin su ke tare da yara yini. Sakkwato ba baƙuwar wannan ba ce. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna bin gidaje da ƙauyuka suna koyar da mata da harshen da suke ji. Abin da uwayen yau ke buƙata shi ne kayan aiki da Hausa, kuma a nan ne hukumomi ke da bashi a kansu. Muhimman ƙasusuwan ƙadangaren Goronyo da tawagar Italiya ta tono suna birnin Florence. Gwamnatin jiha za ta iya neman kwafinsu, abin da gidajen tarihi ke yi wa juna a kai a kai. Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya haɗa teburi guda na burbushin halittun Dange da Dukamaje da Kalambaina, da bayani a boko da ajami, a buɗe wa iyalai ranar Asabar. Kamfanin simintin Kalambaina, wanda ke fasa wannan dutse tun 1967, zai iya ware abin da ma'aikatansa ke cin karo da shi mai tambarin halitta, a raba wa makarantun firamare da islamiyyu na cikin gari kafin ya shiga injin niƙa.